Kujerun da Baba Bai Gwada Ba

A gidanmu mara lafiya ba ya ɗaukar ko cokali. Haka na taso na tarar. In mura ta kama ka sai a kwantar da kai, a ja labule, a rage muryar rediyo, Mama ta zauna a bakin gado tana taɓa goshinka kamar mai jiran ya gaya mata wani abu. Yayana ya taɓa yin targaɗe a ɗan yatsan hannu, aka hana shi zuwa makaranta, ko banɗaki sai da rakiya. Mu a wurinmu wannan shi ne so, ba mu san wani iri ba.

Babanmu kafinta ne, amma kujera kaɗai yake yi. Shagonsa yana ƙarshen layinmu, in an wuce mai gyaran rediyo an ɗan gangara. Su biyu ne a ciki, shi da abokin aikinsa da kowa ke kira Dogo, ko da yake bai wuce kafaɗar Baba ba. Kujera ba ta barin shagon sai Baba ya gwada ta. Zai zauna a hankali, ya jingina, ya ɗan karkata hagu da dama, sannan ya harɗe hannuwa a ƙirji ya miƙe yana kasa kunne. Ya ce kujera ba ta faɗin gaskiya lokacin da aka zauna mata, sai lokacin da ake tashi.

Da aka gano cewa ramar da yake yi da jinin da yake gani in ya zagaya ciwon daji ne a hanji, ni aka haɗa da shi zuwa ganin likitan tiyata. Ba wai don na fi kowa wayo ba. Mama ta ce warin asibiti yana juya mata kai, Yaya yana gidan burodin da yake aiki, ni kuwa tunda kullum kaina yana cikin littafi, ai dole in gane maganar likita. Farfesa ma Yaya yake kirana. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, ni in baƙo ya yi mini magana kunnuwana zafi suke ɗauka, sai in riƙa jin muryarsa kamar daga cikin randa.

Duk da haka na ji. Ina ganin dai na ji. Likitan ya ce za a yanke wurin da ciwon yake, a haɗa hanjin, nan da 'yan makonni. Ya ce aikin babba ne, kuma jikin da ya shiga ɗakin tiyata da ƙarfinsa shi ne ke saurin tashi daga gado. Daga nan ya tura mu wani ɗaki mai dogon madubi, wurin wata mata mai koyar da motsa jiki, gajeriya, mai saurin magana. Ta sa Baba ya zauna a kujera ya tashi ba tare da ya dafa komai ba, ya yi ta yi har ta ce ya isa. Wannan kam aikinsa ne, har ta yi masa kirari. Ta sa ya yi tafiya a baranda ya dawo. Sai ta juyo gare ni ta ce a gida za a ci gaba: ya riƙa tafiya kullum har numfashinsa ya ɗan ɗaga, ya riƙa zama da tashi, ya riƙa jan wata doguwar roba da ta ba mu, ya ci ƙwai da kifi da wake, ya sha madara. Ta ce mu dawo kafin ranar aikin ta ga inda aka kwana.

A hanya ina ta maimaita maganar a zuciyata don kada ta zube. Baba kuwa yana kallon waje ta tagar mota.

Mun tarar Gwaggo ta riga mu isowa. Yayar Baba ce, da jakar kayanta ta zo, alamar zama za ta yi. An riga an fito da katifa falo, an jera filo, an ja labule. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na ba da labari. Da na kai wurin tafiya sai Mama ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Tafiya? Mutum da ciwo a cikinsa a ce ya yi ta yawo?"

Na ce haka matar ta faɗa. Mama ta tambaye ni ko likita ce matar, na ce ban sani ba, ba ta sa farar riga ba. Gwaggo ta ce to ka ji. Don su gane sai na jawo kujera na zauna na tashi, na zauna na tashi, hannuwana a harɗe. Yaya ya shigo a daidai lokacin, ya ce ashe Farfesa ta koma kafinta. Aka yi dariya, ni ma na yi, ban san dalili ba.

Gwaggo ce ta warware zancen. Ta ce likitoci ba mahaukata ba ne, abin da suke nufi shi ne mara lafiya ya sha iska, kada ya daskare wuri ɗaya. Ta ce yarinya ce ta ɗauki maganar a ɗanye. Na juya wurin Baba, na ce ai shi ma yana wurin, ya ji da kunnensa. Ya gyara filo a bayansa, ya ce, "Duk yadda suka ce, Auta."

Ban gane su wa yake nufi ba, mutanen asibiti ko mutanen falo.

Kada wani ya ce gidanmu an ƙi bin maganar likita. An bi, har an wuce. Washegari Yaya ya aro keken marasa lafiya a wurin makwabciyarmu mai ɗinki, wanda surukarta ta bari. Kullum safe da yamma sai a lulluɓe Baba da bargo a ɗora shi a kai, Yaya ya tura shi har gadar bakin titi ya dawo, yana haɗa gumi. Zama da tashi ma ba a bari ba. Mama ta kama hammata ɗaya, Yaya ya kama ɗaya, su ɗaga shi su zaunar, su ɗaga shi su zaunar, Gwaggo tana gefe tana cewa a yi a hankali. Robar kuwa da ita aka ɗaure kushin a jikin keken don kada ya zame. Ƙwai ana dafawa, Baba ya gutsuri gefe ya ture, masu zuwa dubiya su ƙarasa.

Na sake faɗa, ba sau ɗaya ba. Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in ga Mama da jajayen idanu, ba ta yi barci ba, ga Yaya yana dawowa daga bakin tanda ya kama keke ko ruwa bai sha ba, sai maganar ta yi mini nauyi a harshe. Har na fara tunanin ko ni ce ban gane ba. Matar ta ce tafiya. Ga shi ana tafiya, har gada ake zuwa. Ta ce numfashi ya ɗaga, kuma yana ɗagawa, sai dai na Yaya ne. Na duba littattafan da nake da su, duk labarai ne, babu wanda aka yi wa aikin hanji a ciki.

Takalman Baba kuwa sun ɓace daga bakin ƙofa tun ranar farko. Ban tambaya ba, don na san inda zancen yake. Lokacin Mama tana budurwa mahaifinta ya yi jinya, ya ɗan ji sauƙi, ya ce zai leƙa rumfarsa. Ita ce ta ɗauko masa takalmi ta ajiye a gabansa. Bai kai rumfar ba, a hanya ya faɗi, gawarsa aka kawo. Ba ta cika ba da labarin ba, amma duk wanda ya kwanta ciwo a gidanmu ba ya ƙara ganin takalminsa sai ya warke.

Ranar komawa asibiti Yaya ya ɗauki hutu ya raka mu. Silifas ɗin wanka Mama ta sa wa Baba, tunda a keke yake. Matar nan mai saurin magana ta gan mu tun daga nesa, ta tsaya da abin da take yi. Ta tambaya ko faɗuwa ya yi, muka ce a'a. Ta jawo kujerar nan ta rannan ta ce ya zauna ya tashi.

Baba ya harɗe hannuwa, ya yunƙura. Bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, cinyoyinsa suna rawa a cikin wando, sai da ya dafa gwiwoyi sannan ya miƙe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tashi daga kan kujera. Na kawar da kai ina kallon madubi, a can ma shi na gani. Baranda kuwa bai kai rabi ba ya nemi bango.

Ta tambaya ko yana tafiyar da ta ce. Yaya ya amsa da alfahari, ya ce safe da yamma, har gada, ko rana ɗaya ba a tsallake ba. Ta dubi Baba, ta dubi keken, ta ga robarta a ɗaure da kushin, sannan ta dubi Yaya daga sama har ƙasa.

"To kai kam in kai za a yi wa aikin, gobe ma a shirye kake."

Ta ɗan yi dariya, dariyar ba ta daɗe ba. Ta fita ta dawo da likitan. Shi bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya ce a yadda Baba yake yanzu ba zai yarda a sa shi barci a buɗe cikinsa ba, don huhu da zuciya da ƙafafu duk aiki ne a gabansu, kuma kwanciya ta cinye su. Ya ce in muka dawo bai ga canji ba, to zai ɗaga ranar aikin, abin da ke cikin hanjin kuwa ba ya jiran kowa, girma yake yi. Ya tambaya wa aka yi wa bayani tun farko. Kunnuwana suka ɗauki zafi. Na ce ni ce, kuma na faɗa. Ya ce to a sake faɗa, da ƙarfi.

A gida Yaya ne ya faɗa da ƙarfi, tunda shi ana jin maganarsa. Mama ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta gane ba. Ciwo yana cin mutum, tafiya ma tana cin mutum, ta yaya za a haɗa masa biyu a ce gyara ake yi? Ta ce likitan bai taɓa ganin wanda ya faɗi a hanya ba. Gwaggo ta goyi bayan Yaya, ta ce ita tun farko ta ga keken bai yi mata ba. Da Mama ta fara hawaye sai ta koma bayan Mama, ta ce likitocin yanzu ba su da imani. Kafin a gama cin abinci ta sauya gefe har na daina bi. Aka tashi ba a yanke komai ba. Aka daina fita da keke, amma takalma ba su dawo ba. Wato yanzu ko iskar ma ba ya sha.

Bayan kwana biyu da yamma na kai masa shayi na same shi shi kaɗai, Mama tana madafa, Gwaggo ta tafi raka baƙi. Yana zaune a tsohuwar kujerar falo, wadda aka saya tun kafin ya koyi sana'a. Na ajiye kofin na tsaya ina wasa da bakin mayafina. Na tambaye shi me ya sa ran nan bai goyi bayana ba, ko shi ma bai gane maganar matar ba ne.

Ya ce ya gane sarai, har ya fi ni ganewa.

"In na yi ƙarfi yanka ni za su yi, Auta."

Na ce ai yankan shi ne maganin. Ya ce ya sani. Ya ce sau da yawa ana kawo masa katako, a ido lafiyayye, ya sa zarto ya buɗe ya tarar gara ta gama da cikin, sai dai a jefar. Muddin ba a buɗe ba, katako ne. Ya ce shi bai taɓa barcin da wani ya sa shi ba, kuma yana zaune a keken nan sai ya ga kamar ranar ba ta matsowa.

Duk kwanakin nan na ɗauka Mama ce bangon, ashe bayanta akwai wani. A littafi a irin wannan wurin 'ya takan faɗi wata magana mai daɗi uba ya yi kuka ya miƙe. Ni ban sami komai ba, sai na ce shayin zai huce. Ya miƙa hannu zai ɗauka, kujerar ta yi ƙara, ya yamutsa fuska ya ja tsaki. Ya ce wanda ya haɗa ta ko gam bai iya shafawa ba.

Washegari na gangara shago. Niyyata in roƙi Dogo ya zo ya yi wa Baba magana, tunda tare suka tsufa. Na same shi zaune a kan buhun soso, ƙurar katako har gira, ga kujeru an jera su bakin ƙofa. Ya ce shi ina shi ina magana, tunda suke da Babana bai taɓa cin nasara a gardama ba. Ya shiga kawo nasa kukan. Ya ce kujerun nan na wani gidan abinci ne, ya gama su, amma ya kasa kai su, don shi kunnensa zarto ya kashe shi, kuma ba shi da nauyin da zai sa kujera ta yi magana. In ya kai su haka suka yi ƙara, sunan Babana ne zai ɓaci, ba nasa ba.

Na ce to ya kawo su gida mana. Har yau ban san ko dabara ce ta zo mini ko kuwa rasa abin faɗa ne ba. Dogo ya dube ni ta saman gilashinsa na ɗan lokaci, ya ce sai dai gobe, akwai abin da zai ƙarasa a jikinsu.

Ya kawo su a kurar turawa, ya jera a tsakar gida. Mama ta fito za ta hana, Dogo ya rusuna ya ce ai zama kawai maigida zai yi, ba guduma zai riƙe ba. Zama kuwa ba laifi ba ne a gidanmu. Aka kamo Baba aka zaunar da shi a ta farko. Ya jingina, ya karkata hagu, ya karkata dama, fuskarsa ta canza, ta koma irin ta shago. Yaya ya matso zai kama hammata.

"Matsa can. In ka ɗaga ni ba zan ji ta ba."

Ya yunƙura ya kasa. Ya dafa gwiwa ya miƙe, kujerar ta yi wani ɗan kuka. Ya ce wannan ba gwaji ba ne, ya dafa, sai ya sake. Ya sake. Mama ta kai hannu, ta janye, ta sake kaiwa. Bai gama da rabinsu ba ya jiƙe da gumi, amma duk wadda ya tashi a kanta sai ta yi ƙara, shi kuma sai ya ɗora wa Dogo faɗa. Ya ce shekarun da suka yi tare ashe a banza, ya ce ko makaho ya fi haka sa ƙusa. Dogo yana ta cewa a yi haƙuri, tsufa ne. Ranar Baba ya cinye ƙwansa duka, yana ci yana mita.

Haka aka shiga yi. Dogo ya kwashe ya gyara ya dawo da su, Baba ya gwada, wasu su yi shiru wasu su ƙi. Wadda ta yi shiru jiya sai yau ta yi kuka, abin har ya fara ba ni mamaki. Na taɓa tambayar Dogo a bakin ƙofa ko da gangan yake sassauta su. Ya ce in ji tsoron Allah, shi mutum ne mai iyali. Sai kuma ya ce in gaishe da Farfesa in na gan ta. Ban san yadda zan ɗauki wannan amsar ba.

Sannu a hankali hannuwan Baba suka bar gwiwa suka koma ƙirji. Ya sa na kwance robar nan daga jikin keke, ya ce hannunsa ya yi sanyi, ba zai iya riƙe guduma haka ba. Bai ce don aikin asibiti yake yi ba, ni ma ban ce ba.

Sai wata safiya ya ce abin ya ishe shi. Ya ce matsalar ba a ƙusa take ba, ko dai katakon ɗanye ne ko gam ɗin ya lalace, kuma ba zai sani ba sai ya je shago ya gani da idonsa. Yaya ya jawo keke. Baba ya ce shi ba zai shiga shagon kujera a kan kujerar ƙarfe ta wani ba, layi duka suna kallo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi wurin da takalmansa suke zama, ya ce wa Mama ta ba shi.

Ta ce ba ta san inda suke ba. Ya ce to shi ke nan, ya sa ƙafa waje haka, a kan tsakuwa. Gwaggo ta hau salati. Ya yi taku kaɗan yana ɗingishi, bai waiwayo ba. Mama ta shige ɗaki, na ɗauka fushi ta yi. Sai ga ta ta fito da su, daga cikin tukunyar da ba a girki da ita, a saman kabad. Ta tsaya riƙe da su a ƙirji.

"Ni na ba Babana nasa."

"Na sani," in ji Baba. "Shi kaɗai ya tafi. Ni ki zo mu je."

Ba ta ajiye su a gabansa ba. Ta durƙusa ta sa masa da hannunta, ta ɗaura igiyar har sau biyu. Suka kama hanya, shi a gaba kaɗan, ita a gefensa hannunta a buɗe a bayansa ba ta taɓa shi ba, Yaya a baya yana tura keke babu kowa a ciki, ni a bayan Yaya ɗauke da ruwa. Mai gyaran rediyo ya leƙo ya tambaya wane ne mara lafiyar a cikinmu. Baba ya tsaya ya huta a jikin bangonsa, ya sake tsayawa a gangaren. Da muka isa ya shinshina gwangwanin gam ya ce lafiyarsa ƙalau, katakon ma busasshe ne. Ya dubi Dogo, Dogo ya dubi rufi.

Daga ranar kullum sai sun je, daga baya har suna wucewa gada. Mama ba ta daina cewa ba ta gane ba. Tana tafiya tana faɗa.

Da muka koma asibiti ya tashi daga kujerar matar ba tare da ya dafa ba. Bai kai yadda ya yi a karon farko ba, amma ya yi, kuma ya kai ƙarshen baranda ya dawo da ƙafarsa. Likitan ya ce ba za a ɗaga ranar ba. Na saci kallon Baba, ban gane ko murna yake ko akasin haka ba. Ya tambayi likitan idan ya buɗe ya tarar gara ta gama da ciki fa. Likitan ya ce shi bai san katako ba, amma hotunan da aka ɗauka ba su nuna haka ba, sauran kuma sai an buɗe. Baba ya jinjina kai ya ce shi ma haka yake gaya wa masu kawo aiki.

An yi aikin. Muka zauna a benci a waje, Gwaggo tana jan carbi, Yaya yana kai da komo, ni da littafi a buɗe a cinya ban karanta ko layi ba. Da likitan ya fito ya ce sun cire wurin sun haɗa, kuma za a kai abin da aka cire a duba kafin a san ko akwai sauran magani a gaba. Mama ta tambaya ko hakan yana nufin ya warke. Ya ce yana nufin an yi aikin lafiya. Ta juyo gare ni in fassara mata, na ce ni ma iyakar abin da na ji ke nan.

Washegari da hantsi wata nas ta shigo ta ce za a tayar da shi ya taka. Ga robar ƙarin ruwa a hannunsa, ga ɗinki a ciki, leɓɓansa a bushe. Gwaggo ta ce wannan kuma wace irin ƙasa ce, mutum jiya-jiya aka yanka shi. Mama ta miƙe ta tsaya tsakanin nas ɗin da gadon. Na ce a raina shi ke nan, mun koma farko. Nas ɗin ta fara bayani, wai tashi da wuri yana buɗe huhu yana tayar da hanji. Mama ba ta saurare ta ba. Ta sunkuya ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado, ta fito da takalman a cikin leda. Nas ɗin ta ce silifas ma ya isa. Mama ta ce a'a, da waɗannan ya saba.

Ya tashi da ƙyar, yana cije baki, hannu ɗaya a kan ɗinkin ɗaya a kafaɗar Mama. Ni aka ba sandar da aka rataya ledar ruwan, ina turawa ina tsoron kada in harɗe igiyar. Muka fita baranda muna jan ƙafa kamar masu koyon tafiya mu uku. Nas ɗin ta ce ƙafafunsa da ƙarfinsu, in ya ci gaba haka ba zai daɗe a gadon nan ba. Kuma bai daɗe ɗin ba, an sallame mu tun Gwaggo ba ta gama kawo kayan jinyar da ta shirya ba, abin da har yau take jin haushinsa.

A ƙarshen barandar akwai wata kujerar katako da masu jinya ke hutawa a kai. Ya ce zai zauna. Ya zauna yana haki, ya lumshe ido, har na ɗauka jiri ne ya kama shi, Mama ta fara laluben goshinsa. Sai na ga ya ɗan karkata hagu, ya ɗan karkata dama.

"Auta, in Dogo ya zo dubiya ki ce ya taho da gam."

Mama ta ce ita dai an haɗa ta da aiki. Ta ba shi kafaɗa, ya miƙe, kujerar ta yi ƙara, muka juya.